Launin fatarmu aka tsana ko sallarmu?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta zaure.

Kun tuna Aboubakar Cissé? Saurayi ne ɗan Mali, shekararsa 22, yana zaune a wani ƙaramin gari da ake kira La Grand-Combe a kudancin Faransa. Ranar Juma'a 25 ga Afrilu 2025 ya je masallaci da safe yana gyare-gyare kafin jama'a su taru. Wani ya shigo kamar mai son a nuna masa yadda ake sallah. Aboubakar yana yin sujada mutumin ya hau shi da wuƙa, ya yi ta suka, sannan ya ɗauki bidiyo da wayarsa yana zagin Allah. Daga baya ya gudu Italiya ya miƙa kansa. Ministan cikin gida na lokacin, Bruno Retailleau, sai bayan kwana biyu ya je yankin, kuma bai taka masallacin ba.

A unguwarmu nan Marseille mun yi taron addu'a. Wasu suka tashi suka ce an kashe Musulmi. Wasu suka ce an kashe baƙar fata. Ina tsaye ina jin kamar gawa ɗaya ake ja ta gefe biyu. Shekarata 11 a ƙasar nan. In 'yan sanda suka tsayar da ni a tashar jirgin ƙasa, ba su san ko ina sallah ba, fatata suka gani. Hukumar kare haƙƙin jama'a ta Faransa ma ta fitar da bincike a 2017 cewa samarin da ake ɗauka baƙaƙe ne ko Larabawa sun ninka sauran mutane sau 20 wajen yiwuwar a tsayar da su a nemi takardu. In na aika takardar neman aiki aka yi shiru, ba su ga fatata ba, sunan Annabi da ke saman takardar suka gani. In kuma matata ta shiga bas da hijabinta, duka biyun ake gani lokaci guda.

To ni ina tambaya: da Aboubakar ba baƙi ba ne, ko da ba Musulmi ba ne, da an yi jinkirin nan? Kuma mu da abin ya haɗu a kanmu, wane layi ne namu?

Malam Na Gwale:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Aboubakar, Ya karɓi shahadarsa, Ya ba iyayensa haƙuri. Amma ɗana, duba maganarka da kyau. Wanda ya kashe shi bai zagi launinsa ba, Allah ya zaga, kuma masallaci ya nufa, ba kasuwa ba. A Srebrenica ta ƙasar Bosniya cikin Yuli 1995 an kashe maza da yara maza sama da 8,000, Turawa ne farare tas, laifinsu Musulunci. A Christchurch ta ƙasar New Zealand cikin Maris 2019 an kashe mutum 51 a masallatai biyu, akwai fari akwai baƙi. Ƙiyayyar addini ce. Abin da nake tsoro shi ne mu ɗauko rigimar baƙi da fari ta Turawa mu shigo da ita cikin sahu, mu raba abin da Allah Ya haɗa.

Maman Hanifa:
Allah gafarta Malam, ba mu muka shigo da ita sahu ba, a can muka tarar da ita. Ina aikin jinya a Minneapolis. Na taɓa shiga ɗakin wani dattijo da zan ba magani, ya kalle ni daga ɗankwali har takalmi ya ce a kawo masa wata. Washegari wata abokiyar aikina baƙar fata Kirista ta shiga, ya yi gunaguni amma ya karɓa. Wata Balarabiya mai hijabi ta shiga, ya ɗaure fuska amma ya karɓa. Ni kaɗai ya ƙi. Na je zan rubuta ƙorafi, aka ba ni takarda mai akwatuna, a zaɓi ɗaya: launin fata ko addini. Na daɗe riƙe da biro ban san inda zan sa alama ba.

Kuma ku dubi wa ake nufa a nan. Masallacin Dar Al-Farooq da aka jefa wa bam a Bloomington cikin Agusta 2017, yawancin masu sallah a cikinsa 'yan Somaliya ne. Mutum uku da aka kama a Kansas a 2016 suna shirin tarwatsa wani rukunin gidaje a Garden City, gidajen 'yan Somaliya ne, da masallacinsu a ciki. Ilhan Omar, 'yar majalisar dokokin Amurka 'yar asalin Somaliya, da taron jama'a suka yi ta ihun a mayar da ita ƙasarsu a Yuli 2019, ba ita kaɗai ce Musulma a majalisa ba, ba kuma ita kaɗai ce baƙar fata ba, amma a kanta ne abubuwan suka taru: baƙa, Musulma, mai ɗaura kallabi, 'yar gudun hijira.

Dokar hana shiga Amurka ma haka. A Janairu 2017 ƙasashe bakwai ne, Iran, Iraƙi, Siriya, Yaman, Libiya, Sudan da Somaliya, mutane suka cika filayen jirgin sama suna zanga-zanga. A Janairu 2020 aka ƙaro Najeriya da Iritiriya da Tanzaniya cikin jerin. Wallahi ban ga rabin hayaniyar nan ba. Ƙanwata da muke jiran bizarta sai da Biden ya soke dokar a 2021 sannan takardunta suka motsa.

Direban Bronx:
Hajiya kin taɓo ni. Ni ɗan zangon Kumasi ne, ina tuƙin tasi a New York tun kafin a haifi wasu a zauren nan. Ina garin nan ranar 4 ga Fabrairu 1999 da 'yan sanda huɗu masu farin kaya suka harbi Amadou Diallo a ƙofar gidansu. Harsashi 41 suka saki, 19 suka same shi. Walat ya ciro daga aljihu. Ɗan Gini ne, Bafulatani, mai sallah, yana kasa kaya a bakin titi. A 2000 kotu ta wanke su duka. Yau ka tambayi yaran masallatai su lissafa maka Musulmin da aka zalunta a Amurka, da wuya ka ji sunansa. An ajiye shi a shafin baƙaƙe, an manta da shi a shafin Musulmi.

Amma hukuma ba ta manta ba. Da kamfanin dillancin labarai na AP ya tona asirin sashen 'yan sandan New York da ke leƙen asirin Musulmi a 2011, an ga jerin asalin mutanen da suke sa wa ido, ƙasashe ne kusan duka, sai guda ɗaya da ba ƙasa ba: baƙar fatar Amurka Musulmi. Sai 2014 aka rushe sashen. Su da ke sa ido sun san mutum yana iya zama duka biyu.

Bakatsiniya:
Baba Direba, bari in ƙara da na nan Ingila, don ya zo ta bayan gida. Ranar 29 ga Yuli 2024 aka kashe yara mata uku a Southport. Kafin gari ya waye an baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwalekwale. Washegari aka afka wa masallacin garin da duwatsu. Ashe a Cardiff, nan cikin Birtaniya, aka haifi wanda ya yi kisan, iyayensa 'yan Ruwanda ne, gidan Kirista. Amma wuta ta riga ta kama. Aka kai hari otel-otel da ake ajiye masu neman mafaka a Rotherham da Tamworth, har gwamnatin Najeriya ta fitar da gargaɗi ga 'yan ƙasarta da ke nan.

Wadda muke haya tare Kirista ce 'yar Filato. Mako guda mu biyu ba mai leƙa waje bayan la'asar. Ita ba ta sa hijabi, amma ta ce da ni wanda ya ɗauko bulo ba zai tsaya tambayar ta sunan cocinta ba. Malam ya ce ƙiyayyar addini ce zalla. To ita me ya hana ta fita? A idon mutanen nan "Musulmi" ba aƙida ba ce, kama ce. Baƙo ne mai duhun fata da ya zo cin arzikinsu. Shi ya sa ake dukan mabiya addinin Sikh saboda rawaninsu.

Ɗan Takari:
Duk kun yi maganar Turawa. Ni bari in yi ta cikin gida, ko da za a ji haushina.

A Makka aka haife ni. Kakata ce ta tafi daga ƙasar Kano. Larabci na fara ji kafin Hausa. Ban taɓa ganin Bature ya zage ni ba sai a talabijin, amma kalmar "abd", wato bawa, na ji ta tun ina wasan ƙasa, daga bakin yaran da muke jera sahu da iyayensu. "Ya Takaruni" kuma in an faɗe ta da wata irin murya kai ma ka san ba sunan ƙasa ake nufi ba. Na haddace Alƙur'ani a can. An taɓa tura ni gaba in ja sallah a wani ƙaramin masallaci, wani dattijo ya ja da baya ya jira muka idar ya yi tasa shi kaɗai. Ina da shekara 17 lokacin. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Kuma ba tsohon labari ba ne. Bidiyon da CNN ta nuna a Nuwamba 2017 ana gwanjon baƙaƙe a Libiya, masu sayarwa Musulmi ne. A Fabrairu 2023 shugaban Tunisiya Kais Saied ya ce shigowar baƙaƙe daga kudu da Sahara makirci ne na sauya asalin ƙasar, aka yi ta korar mutane daga gidajen haya, cikinsu har da 'yan Mali da Gini masu sallah biyar. Idan Bature ya ƙi ni, na san inda zan gudu, masallaci. Idan a masallacin aka ƙi ni fa?

Malam Na Gwale:
Subhanallah. Ɗana, Allah Ya saka maka, abin da dattijon nan ya yi jahilci ne, ba addini ba. Yana cikin Bukhari cewa Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa shi mutum ne da akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Sahabi fa aka faɗa wa haka. Kuma a huɗubarsa ta lokacin hajjin bankwana ya ce Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba, ja bai fi baƙi ba, sai da taƙawa. Sai dai ina roƙo kada mu yi wa Larabawa kuɗin goro. Na zauna a cikinsu na ga masu mutunci da suka fi ƙarfin a faɗa.

Ɗan Takari:
Gaskiya ne Malam, wanda ya koya mini tajwidi Balarabe ne kuma uba ya zame mini. Amma duk lokacin da muka kawo kukan nan sai a ce mana "ai ga Bilal". Sunan Sayyidina Bilal ya zama murfin da ake rufe bakinmu da shi. Ba mu ce Musulunci ya halatta ba. Cewa muka yi Musulmi suna yi.

Mai Tarihi:
Ina bin ku tun ɗazu daga Zariya. Ina so in nuna cewa tambayar Ɗan Damagaram ta girmi kakanninmu.

Bayan sojojin Maroko sun ci Songhai a 1591, an kwashi malaman Timbuktu an kai su Marrakesh, cikinsu akwai Ahmad Baba. Bayan ya dawo gida, mutanen yankin Tuwat da ke Saharar Aljeriya ta yau suka aiko masa da tambaya kan bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙaƙe. A 1615 ya rubuta amsa. Ya ce launin fata ba ya halatta bautar da kowa, ya rushe labarin nan na cewa an la'anci zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu da baƙi da bauta, kuma ya lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne 'yantattu, ya ambaci Barno da Kano da Katsina da Songhai. Ku tsaya ku yi tunani. Me ya sa sai da babban malami ya zauna ya rubuta cewa Bakano Musulmi ne ba a sayar da shi? Domin ana sayarwa ne. Mai saye yana ganin baƙi ya ɗauka kafiri ne, in kuma ya ce shi Musulmi ne a ce ya kawo hujja. Bayan shekaru da dama Sarki Maulaya Isma'il ya tattara baƙaƙen Maroko, har da 'yantattun Musulmi, ya mayar da su rundunar bayinsa, malaman Fas da suka yi inkari suka sha wuya.

Sai ku juya ɗaya gefen tekun. A Bahia ta ƙasar Barazil akwai Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙen zamanin jihadi aka sayar ta bakin teku. A 1807 hukuma ta bankaɗo wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla. A Janairu 1835, cikin watan azumi, Musulmin birnin Salvador suka yi bore, yawancinsu Yarbawa ne tare da wasu Hausawa. Da aka murƙushe su aka shiga gida-gida ana bincike. Duk baƙin da aka samu da laya ko takarda mai rubutun Larabci ya zama abin zargi. Aka kashe wasu, aka yi wa wasu bulala, aka kori 'yantattu da dama zuwa Afirka. A can baƙin fata ne ya sa ka bawa, Musulunci kuma ya sa ka bawa mai haɗari.

Don haka a arewacin Sahara an ce baƙinka ya sa ana shakkar Musuluncinka. A ƙetaren Atalantika an ce Musuluncinka ya sa baƙinka ya fi ban tsoro. Mutum ɗaya ne a tsakiya, kuma sau da yawa da Hausa yake magana.

Ɗan Mai Wurno:
Malam Mai Tarihi Allah Ya ƙara basira. Mu a Sudan kakanninmu sun iso bayan yaƙin Burmi na 1903, garinmu ma sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ci. Sama da shekara ɗari ke nan, amma har gobe akwai mai ce maka Fallata da nufin kai baƙo ne. Rikicin jihar Blue Nile na 2022 da ya ci ɗaruruwan rayuka, a kan ƙasa da sarauta aka yi shi, aka ce Bahaushe ba shi da ƙasa. Waɗanda muka yi rikicin da su baƙaƙe ne kamar mu, Musulmi kamar mu. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka ko'ina lissafin iri ɗaya ne. Wani wuri launi ne, wani wuri asali ne, wani wuri takardar ɗan ƙasa.

Uwar Marayu:
Tunda an buɗe tukunya bari in zuba nawa daga Maraɗi. Mu kanmu fa? Wa ya ƙirƙiro "farar mace alkyabbar mata"? Ba Bature ba ne, ba Balarabe ba ne. 'Yata baƙa ce kyakkyawa, tana da shekara 14 na kama ta da man bilicin a jaka, ta ce ƙawayenta ne suka ce ba mai auren ta a haka. Na yi kuka ranar nan. Kuma har yanzu akwai gidajen da in an zo neman aure sai an bincika ko akwai bauta a asalin yaro. A nan Nijar sai 2003 aka mayar da bauta laifi a doka, kuma a 2008 ne kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati saboda ba ta kare ta ba, bayan an sayar da ita tana yarinya. Ba ina rage laifin waɗanda suka kashe Aboubakar ba ne, Allah Ya isar masa. Amma yaron da ya taso yana jin baƙi abin kunya ne a ɗakin uwarsa, da wane ƙarfi zai tsaya a gaban ɗan sandan Faransa?

Maman Hanifa:
Yaya kin gama magana. A garin nan aka kashe George Floyd ranar 25 ga Mayu 2020. Shagon da aka kira 'yan sanda daga cikinsa na wasu 'yan asalin Falasɗinu ne, wanda kuma ya jagoranci gurfanar da 'yan sandan, babban lauyan jihar Keith Ellison, baƙar fata ne Musulmi, shi ne ma Musulmi na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Amurka a 2006. Makonnin nan masallatai sun yi zafi. Wasu iyaye suna cewa ba ruwanmu, rigimar baƙaƙe ce. 'Ya'yansu suna cewa ruwanmu ne. Binciken cibiyar Pew na 2017 ya nuna kashi ɗaya cikin biyar na Musulmin Amurka baƙar fata ne. To ta yaya rigimar baƙaƙe za ta zama ba ta Musulmi ba? Wata 'yar uwa da kakanninta suka musulunta tun zamanin Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ta ce da ni sau uku ana tambayar ta a masallaci yaushe ta shiga Musulunci, masu tambayar kuma ba su fi shekara goma a ƙasar ba.

Direban Bronx:
Mu ma 'yan Afirka muna da namu a nan. Mukan zo mu raina baƙaƙen Amurka, mu hana yaranmu hulɗa da su, alhali gwagwarmayarsu ce ta buɗe ƙofar da muka shigo ta ciki. Bayan an kashe Diallo su ne suka cika titi.

Ɗan Damagaram:
Na gode muku duka. Malam, ban bar maganarka ba, wanda ya kashe Aboubakar masallaci ya nufa, haka ne. Amma shirun da ya biyo baya, ni dai zuciyata ta ƙi yarda cewa zamansa baƙi talaka ɗan ci-rani bai sa hannu a ciki ba. Masallacin unguwarmu rabin sahu 'yan Afirka ta Yamma ne da 'yan Komoros, amma a kwamitin mutum tara babu ko ɗayanmu. Mu ne masu shara da shimfiɗa tabarma. Bayan sallah ƙarama za a yi zaɓen sabon kwamiti. Mun yi magana da wani dattijo ɗan Senegal da wani ɗan Aljeriya da ya daɗe yana jin zafin abin nan, za mu tsaya tare. Ku sa mu a addu'a.

Malam Na Gwale:
Allah Ya ba ku nasara, Ya haɗa kanku. Har yanzu ina nan kan cewa maganin yana cikin addininmu, ba sai mun aro ba. Amma na yarda ban taɓa hawa mumbari na yi huɗuba guda a kan wannan ba, kuma maganar Hajiya ta Maraɗi a kan bincikar asali wajen aure a unguwarmu ma ana yi. Malam Mai Tarihi, mene ne sunan amsar nan ta Ahmad Baba? Ina so in karanta da idona kafin Juma'a.

Mai Tarihi:
Mi'irajus Su'udi ake kiran ta, Malam. Ba ta da tsawo, zama ɗaya za ka gama. Zan turo maka ta akwatinka in an yi isha'i.